Tsibirin da Kaka Ta Hana Ni Takawa

Ina aji huɗu a garin Laurel, can ƙasar waje, Baba ya ɗauki hutu, ya loda mu a mota har da Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta zo mana daga Yawuri. Yini guda muna nausawa arewa, har wani ƙaramin garin masunta a bakin teku, ko'ina ƙarnin kifi da tulin raga. Daga tagar gidan da muka kama ana hango tsibirai uku. Ni kuwa na riga na cika baki a makaranta cewa zan taka ɗaya, in kawo tsakuwarsa shaida.

Da safe Kaka ta ƙulla goro a bakin zane, ta ce a kai ta ta gaida Sarkin Ruwa.

"Inna, nan babu Sarkin Ruwa," in ji Baba. "Tikiti kawai ake saye."

"Ruwa ba mai shi? To, mai gidana ba zai hau ba." Haka take kirana.

Baba ba ya ja da ita. Kwana uku jirgin ruwa na tashi zuwa tsibiran a gabana, ina cizon yatsa. Bayan magariba sai ta miƙe ƙafa a gaban murhu, wai za ta lallashe ni da tatsuniya. Kullum kuma ɗaya ce. Wani masunci ya je baƙon ruwa, aka ce ya fara gaida masu wurin, ya ce shi da aka haifa a cikin kwalekwale wa zai gayar? Ya tura jirgi da hantsi. Da la'asar ruwa ya maido filafilin tuƙinsa shi kaɗai. Matarsa ta ɗauka, ta jingine a bayan ƙofa.

"Sai me?" na tambaya da Turanci, don in ɓata mata rai.

"Shi ke nan. Ita wannan ba ta da sai me."

Haushi kamar ya kashe ni. Tatsuniya ba Gizo, ba waƙa, ga tsibiri ya tafi a banza. Tsakuwar gefen titi na kai makaranta, na shara ƙarya, kuma na yi wata guda ina gaida Kaka ciki-ciki.

Ina da shekara talatin ta rasu, na je Yawuri ta'aziyya. A bayan ƙofar ɗakinta na ga wani tsohon filafili a jingine, na tambayi Gwaggo ko na wane ne.

"Na kakanka mana. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

Har yau in na tuna haushi nake ji, sai dai yanzu na kaina ne. Ta gaya mini, har sau uku, ni kuwa idona na kan taga.