Gashin da ya tsiro a farantin Ummi

Wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. Shekarun baya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Minna, ƙarƙashin wata Dakta 'yar Bida mai bincike a kan hanyar numfashi.

Bari in ɗan yi muku bayani. A cikin hancinmu har zuwa huhu akwai wasu ƙwayoyin halitta, kowace ɗaya da ƙananan gashi fiye da ɗari a kanta, suna kaɗawa dare da rana suna share majina da datti zuwa waje, kamar mai shara da tsintsiya. Umarnin tsirowar gashin yana rubuce cikin abin da muka gada daga uwa da uba, in umarnin bai tashi ba sai ƙwayar ta girma da sanƙo, majina ta zauna a ƙirji. Aikina shi ne in goga ɗan burushi a hancin mara lafiya, in raini abin da na ɗebo a farantin gilashi, in duba a madubin likita.

To, Ummi 'yar yayana ce, shekararta shida, tun ranar suna take tari. Na kawo ta daga Limawa a Keke Napep, tana ta dariya wai Baffa zai yi mata susa a hanci. Da na duba nata, kai! Sanƙo tas.

Dakta ta leƙa ta ce, "Ka faɗa wa iyayen yau ɗin nan. Ba ya warkewa, amma in ana bubbuga mata ƙirji safe da yamma ana ba ta magani, za ta rayu."

Na ce to, amma ban faɗa ba. Yaya da matarsa 'yan wa da ƙani ne, mahaifiyarmu Hajiya ce ta haɗa auren tana alfahari da shi, ni kuwa ina zan iya buɗe baki in ce ciwon na gado ne daga su biyun? Sai na riƙa cewa bari in ƙara tabbatarwa. Ran da Yaya ya ce min, "Hajiya ta ce beli ne, za mu kai ta Zungeru wanzami ya cire," wato ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sa a dace." Ni da na san gaskiya!

Kwana uku da tafiyarsu, bayan azahar, ni kaɗai a ɗakin, na ɗauko farantin Ummi na sa ido. Na rantse da Allah gashi ne cike a kan kowace ƙwaya, yana kaɗawa da ƙarfi gaba ɗaya. Na duba sunan da ke jikin farantin har sau biyu, rubutuna ne. Murna ta kama ni, na ce ashe gara da na yi shiru.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne, ya ce, "Ummi ta cika yanzun nan. Tunda aka yi yankan jinin da majinar suka sarƙe ta, ta kasa fitar da su."

Na koma kan madubin. Babu ko sili ɗaya. Dakta ta duba da kanta, ta ce ba a taɓa yin gashi a farantin nan ba, ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba.

Har yau ban san me na gani ba. Yaya kuwa har gobe yana yi min godiya a gaban mutane, wai ni kaɗai ne a dangi na damu da tarin yarinyar.

Don Allah, in kun san abin da zai ceci wani, ku faɗa da zafinsa, a yi fushi da ku. Ni babu wanda ya yi fushi da ni.