Indararon Ɗakin Inna

Ɗakin Inna shi ne mafi tsufa a lungunmu, cikin tsohuwar unguwar Tawa. Soro ne na ƙasa, kakan babanmu ya gina shi. Rufin kuwa azara ce aka jera, aka zuba ƙasa bisa aka daɓe. Ko rana ta take a bazara, in ka shiga ciki sai ka ce randa ka faɗa. Inna ta jera ƙorai da fayafai a bango tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma saboda jeren nan da sanyin nan masu yawon buɗe ido suke zuwa gidanmu. Da can Turawa ne, mota bayan mota. Da hanyar arewa ta daina daɗi suka ɗauke ƙafa, sai ƴan Yamai da ma'aikatan proje, wato ƙungiyoyin taimako, jefi-jefi.

Ni ce ɗiyarta ta biyu. Ɗinki nake yi a zauren gidan, kuma kowa a lungun ya san bakina ba shi da linzami. Wana, wanda nake bi, ya daɗe a Abijan wajen biɗa, wato neman kuɗi, ya dawo gida da ciwon son gyara. Komai ya gani sai ya ce a can ba haka ake yi ba. Allah ya sani mutumin kirki ne, amma in ya sa abu gaba, ko jakin Kalfu bai kai shi taurin kai ba.

A ƙarshen wata bazara, maƙwabcinmu mai yi wa baƙi jagora ya zo da labari. Ya ce wani proje mai son a raya tsofaffin gidajen ƙasa zai aiko mutum biyu su duba. In abin ya yi musu, za a sa lungunmu cikin hanyar baƙi, a kuma taimaka da gyara. Shi ke nan, wana ya kasa zama. Ya share lungu, ya kori awaki, ya shafe bangon ɗakin Inna da farar ƙasa tas.

Sai ya ɗaga kai ya ga indararo. Guda biyu ne, na tsohon kwano, sun yi tsatsa sun karkace, amma su ne suke zubar da ruwan rufi cikin lungu tun kafin a haife mu. Ya ce sun ɓata masa bango. Ya hau tsani ya cire su, ya toshe ramukan da siminti, ya bi da farar ƙasa har ba ka gane wurin.

Na ce, "Yaya, mi ka yi haka? Ruwan ta ina zai hita?"

Ya ce, "Wane ruwa? Ko a Bambeye ba a ga hadari ba. Baƙi na tahiya in sa sabon indararo na tiyo."

"To, Allah shi sa kada garin neman gira a rasa ido."

Inna tana daga ciki ta ce, "Ke, wanki ne fa. Ruhe mini bakin nan." Na rufe, amma raina bai kwanta ba.

Da ranar ta zo, baƙin suka iso bayan azahar, ana zafi irin wanda yake sa mutum jin haushin rigarsa. Wata mata ce ƴar Yamai, mai Hausa da harshen Zabarmawa, da wani dattijon Bature mai rawar hannu. Jagora ya shigo da su, Inna ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma a tsakiyar ɗaki, ta dama hura da hannunta, ta miƙa wa kowa ƙwaryarsa da ludayi.

Dole in faɗi dokar ɗakin nan, don ita ce ta kusa kashe mu. A wajen Inna, baƙonka annabinka. Wanda ta miƙa wa ƙwarya ba ya tashi sai ya ga gindinta, kuma ba mai gaggauta shi, ba mai yi masa maganar da za ta tada masa hankali. Haka ta gada wurin uwar mijinta. Matar Yamai ta san hura, tana sha tana santi. Baturen nan kuwa, wayyo! Sai ya ɗebi rabin ludayi, ya kurɓa kamar magani, ya ajiye, ya ɗaga kai yana yaba azara.

Ina zaure na ji iska ta juya. Na leƙa gabas. Hadari ne baƙi ƙirin, ya taso daga bayan duwatsu, kafin in kwashe yadin da na shanya har ya rufe gari. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Na fita lungu ba ko mayafi. Indararon maƙwabta duk suna ta ambaliya, ƙararsu ta cika kunne. Na dubi bangonmu. Fari fat, shiru, ko ɗigo ba ya sauka. Duk ruwan da sama take zubarwa yana nan kwance bisa kan Inna, rawanin soro ya tare shi ta ko'ina, ƙasar rufi tana sha. Azarar nan kuwa na san gara ta taɓa ta a kusurwar gabas, ni nake share garinta.

Na sami wana a ƙofar ɗaki yana murmushin dole. Na ja hannun rigarsa.

"Hidda su yanzu."

"Ki yi hankali, suna ji. In munka tada su cikin ruwa, mi za su ce da mu?"

"In rufi ya faɗo musu, mi za su ce?"

Ya dube ni, na ga tsoro a idonsa. Ya ɗauki taɓarya, ya jingina tsani, ya hau cikin ruwan don ya fasa simintin da ya liƙa. Na so in hana shi, don nauyinsa ƙari ne bisa jiƙaƙƙen rufi, amma wa zai hau in ba shi ba?

Na shiga ɗaki na durƙusa kusa da Inna, na rage murya. "Inna, ruwa ya taru bisa. A koma zaure."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Ba su ƙare ba."

Sai muka ji dum, dum, daga sama. Siminti ya riga ya kama, taɓarya tana dawowa. Kowane bugu sai ƙasa ta zubo siri-siri. Wani ɓarɓashi ya faɗa cikin hurar Bature. Inna ta miƙa hannu cikin natsuwa, ta tsame shi da bakin ludayi, ta rufe masa ƙwaryar da faifai, ta ce wa jagora ya gaya masa ya sha a hankali, ba gaggawa. Baturen ya yi dariya, ya ce a tambaya ko daka ake yi a kan soro. Jagora ya fassara. Shi ɗan unguwa ne, ya gane abin da ake ciki. Amma shi ma kunyar Inna ta ɗaure masa baki.

Na ɗaga kai. A kusurwar gabas ƙasa ta yi duhu, danshi yana yaɗuwa, ruwa ja ya fara bin bango yana ratsa fayafai. Sai wata azara ta yi ƙara, ƙas, kamar an karya kara a gwiwa.

Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Na fizge ƙwaryar daga gaban Bature, hura ta zube a tabarma. Na ce, "Ku tashi! Ku hita! Ɗaki zai faɗi!" Na kama matar Yamai a wuyan hannu na tura ta waje. Jagora ya ɗago dattijon, ko takalmansa bai ɗauka ba. Na ƙwala wa wana kira ya sauko, ya sauko don Allah.

Inna tana zaune inda take. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, amma ba su ne suka zaunar da ita ba. Kallona take yi, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"A ɗakina? Baƙo da ƙwarya a gabanshi?"

Na juya mata baya, na durƙusa, na jawo hannuwanta bisa kafaɗuna na goya ta. Tana dukan bayana tana cewa in sauke ta, ni kuwa ina kuka ina zagin siminti da wanda ya ƙirƙiro shi. Muka fita cikin ruwa.

Ɗakin bai faɗi nan take ba. Muka tsaya a zaure jiƙe sharkaf, har na fara jin idon kowa a kaina. Na ce a raina, in bai faɗi ba na shiga uku, na kori baƙi a banza. Kunya ce ta hana ni roƙon Allah ya faɗi, amma na kusa. Wana ya sauko, hannunsa yana jini. Yana sa ƙafa a ƙasa muka ji rugugi, rabin rufin ya zube ciki, daidai kan sabuwar tabarma. Ruwan laka ya kwararo ta ƙofa ɗauke da ludayi.

Matar Yamai ta rungume ni tana salati. Baturen ya riƙe hannuna da hannu biyu. Wana ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Daga baya jagora ya ce baƙin sun yaba ƙwarai, sun ce sun ga abin da ya sa gidajen nan suke bukatar kulawa. Da rani aka sake rufin da sabuwar azara, da ƙasa kamar yadda yake, aka sa indararo biyu masu faɗi. Wana da kansa yake hawa ya duba su kafin kowace damina. Lungunmu ya shiga hanyar baƙi. Inna ta koma ɗakinta, ta sake jera abin da ya tsira na ƙorai.

Ba ta taɓa yi wa wana maganar siminti ba, ko sau ɗaya. Ni ma ba ta yi mini faɗa ba. Amma da baƙin farko suka zo sabon ɗakin, ta dama hura, na miƙa hannu in ɗauka in kai musu kamar yadda na saba tun ina yarinya. Sai ta janye ƙwaryar, ta kira matar wana.

Ta ce, "Ke kai musu. Wannan ba ta bari a ƙare sha."