Ni Ne Janareton

Muna tsaka da kiɗan biki a Maiyama, ina dukan bes, jitar nan mai ƙatuwar murya, har da lumshe ido, sai wata tsohuwa ta taɓo ni.

"Ɗana, ku kashe janareton ga, ya hana mu jin kiɗi."

"Inna, ai ni ne janareton."

Tun da na koma bes na jingine tsohuwar jitata, wai ta yara ce. Ina isa Jega na nemo ta. Ashe matata ta cika jakarta da albasa.

Ina kaɗawa idona ya kawo ruwa. Na ce albasa ce.

Ta ce, "Wadda ba a yanka ba?"

Ku fa, me kuka yasar da har yanzu ranku ke kansa?