Ranar da Kawu Ya Sauya Adireshi

A Fegge aka haife ni, can Onitsha, kuma kawuna ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Dillalin shanu ne. Shi ya tura ni jami'a a Arewa, ya ce in je in koyo sana'ar da ba a yin ta da igiya. Da na gama, sai jami'ar ta ɗauke ni aiki a ofishin da ke nemo mata gudummawa daga tsofaffin ɗalibai da iyayensu. Roƙo ne dai, amma da takalmi sau-ciki.

Ina cikin wannan aiki aka kawo mana wata manhaja. Muka zuba mata duk abin da muka sani a kan mutane: shekarun mutum, sana'arsa, inda yake zaune, saƙonmu da ya buɗe da wanda ya share, ranar da ya kira mu da abin da ya tambaya. Ita kuma sai ta jera su a allon kwamfuta, wanda ta ga ya fi kusa da buɗe hannu ta sa shi a sama. Ni da farko dariya na yi mata. Na ce na'urar da ba ta taɓa cin tuwo da Bahaushe ba, ina za ta san ranar da zai yi kyauta? Shugabarmu ta ce tunda bakina ya iya Igbo da Fijin, wato Turancin kasuwa na Kudu, in ɗauki Kudu, in je in ƙaryata manhajar.

Na farko da ta nuna min wani dattijo ne mai sarin albasa da wake a Mile One, a Fatakwal, wanda 'yarsa ta yi karatu a wurinmu. Na same shi da hantsi a ƙofar shagonsa, keke da bas suna ta hayaniya a bayana. Ban gama sallama ba ya matsa ya ba ni wuri a kan benci, bai ko tambayi daga ina nake ba. Na soma dogon bayanin da muka saba, ya ɗaga hannu. Ya ce zai haƙa rijiyar burtsatse a ɗakin kwanan mata, a sa ladan ga mahaifiyarsa, kada a rubuta sunansa ko'ina. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Ɗana, ka yafe min." Ni da ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na amsa da Allah ya yafe mana baki ɗaya, na fita ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ba a daɗe ba 'yar ta kira ofis. Ta ce mahaifinta ya koma garinsu, ya kwanta, ya cika. Na yi mata ta'aziyya, na ce kwana ne ya ƙare.

Na biyu wani tsohon mahauci ne a Inugu. Shi ma kamar jira yake yi. Shi ma ya bayar ba ciniki, shi ma ya nemi gafarata, shi ma kafin damina ta ɗauke aka ce an kai shi gida an rufe. Na ukun ma haka ta kasance. A ofis kuwa sai yabo ake yi, ana nuna zanen gudummawar da ke hawa sama a taro, ana cewa manhaja ta yi aiki. Ni kuma na soma jinkirin kunna kwamfuta da safe.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a zangon Hausawa inda motar shanu ke kai labari daga gari zuwa gari kafin waya. Da na sake komawa Mile One, ina zama wurin mai shayi sai benci ya watse, kowa ya tuna da wani aiki. Dattawa ba su fasa gaisuwa ba, sai sun tambayi gida da gajiya da hanya, amma hannuwansu na cikin riga. Na tsayar da wani ɗan okada, ya dubi jakar da ke rataye a kafaɗata ya ce, "Abeg malam, nemi wani." Ashe har suna sun sa min, Mai Jaka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, mutanen da ke sallah sau biyar su ne za su mai da ni Mala'ikan Mutuwa saboda jakar leda?

Amma fushi bai hana ni tsoro ba. Ina komawa Arewa na sami abokiyar aikina da ke kula da manhajar, na ce ta nuna min abin da take dubawa. Ta ce shekaru na ciki, da tambaya a kan sadakatul jariya, amma abin da ya fi nauyi shi ne mutum ya kira ya sauya adireshinsa daga Kudu zuwa ƙauyensu. Ita a ganinta ba wani abin mamaki. Mutum ya huta, ya koma gida, hankalinsa ya kwanta, sai ya yi alheri.

Ita ba ta taɓa zama a Kudu ba, ni kuwa can na tashi. Dattijonmu ko gemunsa ya yi fari fat a Fegge ba ya hutawa, kullum cewa yake baɗi zai koma, baɗin kuma ba ta zuwa. Ranar da ka ji ya ce a daina aiko masa saƙo nan, a aika gida, to jikinsa ne ya gaya masa wata magana, yana so a rufe shi kusa da iyayensa. Manhajar ba ta san mutuwa ba. Ta dai koyi gane mutumin da ya naɗe tabarmarsa.

Na kai wa shugabarmu maganar. Ta ce, "Ba mu muke kashe su ba. Kuma in ba ka je ba, ladan da suke nema ya wuce su." 

Bayan babbar sallah, wata safiya na kunna kwamfuta na ga kawu a sama. Dama yana cikin jerin a matsayin wanda ya riƙe ɗalibi, can ƙasa inda ba wanda ke dubawa. Na buɗe bayaninsa. An goge Fegge, an sa sunan ƙauyenmu.

Na kira shi nan take. Ya ce lafiya lau, ya yi ta ƙorafin tsadar shanu da kuɗin hanya, muryarsa garau. Na ajiye waya na rasa abin yi. In na je, unguwa za ta ce na kai masa ajali. In ban je ba, kuma abin ya tabbata, da wane ido zan dubi kaina? Washegari na hau mota.

Na sauka tashar Upper Iweka ta Onitsha da rana tsaka, cikin cunkoson tireloli da ihun 'yan kamasho, na ƙarasa Fegge a ƙafa. Layinmu da ba ya rabuwa da hayaniya sai ya yi tsit ina shigowa. Matan da suka goya ni ina jariri suka amsa sallamata daga bayan labule. Wani tela ya tsayar da kekensa ya bi ni da ido har na wuce.

A bakin ƙofa na tarar da Inna, matar kawu, wadda ta raine ni kamar ita ta haife ni. Ba ta matsa ba. Ta ce, "A ɗa ka zo, ko a ma'aikaci?"

Na ce, "A ɗa, Inna."

"To ajiye jakar nan a waje."

Na ajiye, ta ba ni hanya, ta wuce madafa ba ta ƙara kallona ba.

Kawu na zaune a kan buzu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma idonsa na nan da tsokanarsa. Muka gaisa har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya rage murya ya ce, "Na'urar taku ta ambace ni?"

Na so in yi ƙarya, amma mutumin da ya koya min gane saniya mai ciwo daga tafiyarta ba a yi masa ƙarya. Na ce, "Ta ambace ka, Kawu."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ciniki ya faɗa masa yadda yake so. Ya ce tun kafin azumi likita ya gaya masa, ciwon ya riga ya yi nisa. Ya ce bai ji tsoro ba, sai abu guda. "Innarka ba ta sani ba. Kullum in na buɗe baki sai in ga tana zuba min miya, in fasa. Da na ji abin da ake faɗa a kanka, sai na kira ofishinku na ce a sauya adireshi. Na san za ka zo. Na ce in ta gan ka a ƙofa, rabin maganar ya faɗu."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, hawaye suka zubo min ban shirya ba. Ya bar ni har na share fuska, sannan ya nuna madafa da haɓa.

"Tashi, ɗana. Je ka ƙarasa mata sauran."

Na same ta zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta ba ƙofa baya, tukunya na tafasa har tana zuba a wuta ba ta sauke ba. Na durƙusa kusa da ita, na ce, "Inna." Ba ta juyo ba. Ta ce, "Bari tukuna. Bari ya ci abincinsa."