Kifin da Munka Kai wa Alhaji Dikko

Duk wanda ya kalli ƙwallo a Argungu kafin a ba mu jiha ya san Yari masunci. Gajere ne, ga murya kamar ta mai tallan kananzir. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ƙafa ɗaya ma janta yake yi, amma kulob ɗinmu, Giwan Ruwa, shi ne ransa. Shi ke saƙa ragar gola da irin zaren da yake saƙa taru. In ruwa ya janye daga filinmu na bakin fadama, shi ke bi da tokar ƙaiƙayin shinkafa yana jan layi. Matarsa Ma'u takan ce da yana kula da rufin ɗaki haka, da ba su sha yoyo ba.

Sai anka yi jihar Kebbi. Alhaji Dikko, ɗan kwangilar da ya samu ginin gidajen ma'aikata a Birnin Kebbi, ya karɓi kulob, ya saye har filin. Ya kawo riguna da takalma da bas. Wallahi mun yi murna, har da ni, sakarai! Shekara ba ta zagayo ba munka ji zai kwashe 'yan wasa ya kai birni ya sake musu suna, wai can manya suke.

Matasa sunka ce a tare hanya a farfasa bas. Yari ya hana.

"Haba! Babban mutum roƙonai akan yi," in ji shi. "Kuma ba a zuwa hannu rabbana."

Ya yi ta kai da komo a gulbi har Allah ya ba shi giwan ruwa, ƙato, ya kusa tsawonsa. Munka ɗora a akori-kura, ni da shi da Ummaru mai gyaran keke, sai Birnin Kebbi.

Mun tarar da falon Alhaji cike da baƙi, duk manyan ma'aikata. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya hango kifin, ya miƙe.

"Kun gani ko? Ana ta cewa mutanen Argungu na fushi da ni. To ga su sun taho yi min murna!"

Baƙi sunka tafa. Anka kira mai hoto. Na mintsini Yari, na ce, "Yi magana mana!"

Ya raɗa mini, "Gaban baƙinai? In ƙaryata mutum cikin gidanai, Abbas? Bari su watse."

Munka zauna tsakar gida, anka ba mu lemo. Da baƙin sunka tashi, tare da su Alhaji ya shiga mota, sai Sakkwato. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe kaina. Baki uku, babu wanda ya iya buɗe nasa!

Hoton ya riga mu yawo. Ga Yari riƙe da wutsiyar kifi, ga Alhaji yana dariya. Matasan da ya hana faɗa sunka ce ya sayar da mu. Mutumin da ke share musu fili, sai ya wuce su ƙi amsa sallamarsa.

Kulob ɗin bai yi ƙarko a birni ba. Wa zai kalla? Ma'aikata ran Juma'a kowa garinsu yake gudu. Alhaji ya gaji, ya koma harkar taki, bas ta koma ɗaukar fasinja. Filinmu kuwa, Alhaji ya sa anka dasa albasa ciki, turakun gola sunka zama rumfar ajiyarta. 'Yan wasan, wani na kabu-kabu, wani ya tafi Legas ba labari.

Raga kaɗai Yari ya tsira da ita. Tana ƙarƙashin gadonsa, duk rani sai ya fito da ita ya shanya, ya ɗinke inda ɓera ya ci, wai ko wata rana.

Bara tarunsa ya ruɓe, gida ba hatsi. Na tarar da shi bakin gulbi yana jawo wani abu daga ruwa. Da na matsa sai na gane ragarmu ce. Ko ɗan tarwaɗa babu ciki.

"Idonta ya yi faɗi, Abbas," ya ce. "Ƙwallo kaɗai ta iya tarewa."

Ya matse ta, ya naɗe, ya ɗora a kafaɗa, ya ja ƙafarsa ya yi gida.