Ranar da Muka Ɓoye Ciwon Maigidana

A lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu, cikin Hausawan Sudan da yaƙi ya koro zuwa Alƙahira. Muna haya a unguwar Hay el-Sabi', a can ƙololuwar wani bene da ba a hawansa sai ta matakala. Maigidana yana yi wa 'yan kasuwar Nijar dako a kasuwar Ataba, har ranar da ya zame da ɗaurin kaya a bayansa. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake motsi ba. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi, ni ke kwashe abin da ya fita daga jikinsa. Shi kuwa ba ya kukan komai sai na sallar Juma'a, wadda yake jin kiranta ta taga ba ya iya sauka.

Wata maƙwabciya ta gaya mini akwai ƙungiyar agaji da ke ba masu irin lalurarsa tallafin wata-wata, da keken guragu, da taimakon komawa ɗakin ƙasa. Na yi ta zirga-zirga har aka ce za a turo ma'aikaciya ta ga halin da yake ciki. Mu kuwa abin da muka ji kawai shi ne baƙuwa za ta zo. Na ɓoye bokiti da ledar shimfiɗa a ƙarƙashin gado, na aro darduma da kujeru, na turare ɗakin. Maƙwabta maza suka ɗaga shi suka zaunar a kujera, muka tokare shi da matasai, muka sa masa farar jallabiya da rawani. Har ya zolaye ni, wai ko ranar aurenmu ban gyara shi haka ba.

Ma'aikaciyar budurwa ce 'yar Masar, mai ladabi. Ta tambaye shi ko yana iya wanka da kansa, ya ce alhamdulillah, da sauƙi. Ta tambaye shi batun banɗaki, ya ce yana lallaɓawa. Ta juyo gare ni ta tambaya ko haka ne. Na dube shi, zufa na tsattsafo masa saboda azabar zaman, idonsa na roƙona. Yaya zan kwance masa zane a gaban 'yar da ya isa ya haifa? Na ce haka ne, na ƙara mata shayi. Ta ce tamam, wato shi ke nan, ta tafi. Da sakamako ya fito aka ce buƙatarsa matsakaiciya ce, akwai waɗanda suka fi shi. Matar da ta sanar da ni ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in sake nema.

Sake neman ya ci mana sanyi guda da zafi guda. A cikinsu bayana ya soma ciwo, gyambo ya fito masa a ƙugu saboda kwanciya, kuma ya daina tambayar wace rana ce. Da aka sake turo ma'aikaciya ban taɓa komai a ɗakin ba. Na bar bokitin a fili, na bar shi kwance cikin tsohuwar rigarsa, na faɗi duk abin da nake yi masa, ɗaya bayan ɗaya, yana ji. Ya juya fuskarsa ga bango. Bayan ta fita ya ce mini a hankali, Hajiya, yau kam khalas, kin gama da ni. Ya daɗe bai sake zolayata ba.

An ba mu keken, an mayar da mu ɗakin ƙasa. Yanzu maƙwabta na tura shi masallaci kowace Juma'a, sanye da jallabiyar nan, gyambon kuma bai warke ba har yau.

An rene mu a kan rufin asiri, kuma ban raina wannan tarbiyya ba. Amma mai zuwa duba mara lafiya domin tallafi ba baƙuwar shayi ba ce, abin da ta gani shi za ta rubuta. Ina roƙon duk mai jinyar wani ya zauna da shi tun kafin ranar, su amince a kan faɗin gaskiya, domin ta fito daga bakinsa da yardarsa. Ni ban yi haka ba. Karon farko na kare mutuncinsa ya rasa keke, karo na biyu na samo keken ya rasa mutuncinsa, kuma duka biyun ban tambaye shi ba.