Kujerun da na jera a Whitechapel

Jiya na yi booking ɗin ɗakin taro a unguwar Whitechapel, na jera kujeru, har samosa na sayo. Ni ce shugabar ƙungiyarmu ta masu kula da majinyatan numfashi, kuma taron na neman ƙarin ma'aikata ne.

Anti Rabi kaɗai ta zo, ita ma don bara ta yi ritaya ne.

Na ce, "Anti, ko sun gaji da ni ne?"

Ta ce, "Haba ƙanwata, duk suna bakin aiki. In suka taho, wa za su bar wa majinyata?"

Haka na naɗe takardar kokenmu da sa hannu biyu kacal.

Abin da muke kuka da shi ne ya hana mu taruwa. Jama'a, ta ina zan ɓullo?